Kwarin Silikon: Inda Ake Ba Yaro Jari Tun Bai Kafa Rumfa Ba

Gidan yana kan wani titi mai shiru da ake kira Addison, lamba 367, a garin Palo Alto na jihar Kalifoniya. Ba don ɗan yayata ya taka birki ya ce, "Kawu, mun iso," ba, da na wuce shi ban ko waiga ba. Gida ne ginin da, itatuwa sun yi masa inuwa, can ƙuryar tsakar gidan kuma ga wani ɗan gareji mai koren ƙyaure wanda bai fi zauren talaka girma ba. Ba a shiga, daga bakin titi ake hango shi. A gaban gidan an kafa allon ƙarfe, an rubuta cewa nan ne mahaifar Kwarin Silikon. A cikin wannan ɗan ɗakin ne samari biyu da suka yi karatu a jami'ar Stanford, Bill Hewlett da David Packard, suka kafa kamfaninsu a 1939 da jarin dala 538. Kwabo suka jefa sama don a san sunan wanda zai zo a gaba, Hewlett ya ci, shi ya sa har yau ake cewa HP. Na'urar gwada sauti suka fara ƙerawa, kamfanin fim na Walt Disney ya sayi guda takwas. Malaminsu Frederick Terman ne ya haɗa abin, shi ya jawo Packard ya baro aikin albashi a gabashin Amurka ya dawo suka kafa nasu.

Na daɗe a tsaye ina kallon ƙyauren nan. Gareji da zaure da rumfa mu ma muna da su, kuma akwai yara masu kaifin basira a cikinsu. Hankalina ya fi tafiya ga malamin nan da ya leƙa ɗakin, ya ga yara biyu cikin tarkacen wayoyi, ya ce wannan abin zai yi albarka.

Da tambaya na taho ƙasar nan. Shekarun baya ina da wani ɗalibi da ya ƙera injin ƙyanƙyasar ƙwai mai aiki da hasken rana. Da idona na ga 'yan tsakin da injin ya fitar. Abin da yake nema bai taka kara ya karya ba: kuɗin da zai ƙera guda goma ya kai wa masu kiwon kaji su gwada. Na raka shi wani banki, aka ce ya kawo takardar gida a matsayin jingina, yaron da ko ɗakin da yake kwana na mahaifinsa ne. Muka je wurin wani Alhaji mai hali, ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya sa masa albarka, ya ce in ya fara sayarwa ya dawo. To da me zai fara? Yau yaron nan yana sayar da cajar waya a kasuwar Farm Centre. Abin ya tsaya mini a rai. Don haka da ɗan yayata, wanda yake aikin injiniya a Santa Clara, ya aiko mini da tikiti, na ce masa yawon ganin gada da teku duka na yafe, ya kai ni in ga waɗanda suke ba yara kuɗi tun ba su sayar da komai ba.

Ta Istanbul na bi, daga can jirgi ya yi da mu kusan awa 13 a sama kafin San Francisco. Agogonsu yana bayan namu da awa 8 a lokacin, wato sa'ad da ake kiran sallar la'asar a Kano su ko karin kumallo ba su gama ba. Kwarin yana kudu da birnin, ya miƙe kimanin kilomita 80 har San Jose, jirgin ƙasa na Caltrain yana ratsa garuruwansa ɗaya bayan ɗaya: Menlo Park, Palo Alto, Mountain View, Sunnyvale, Santa Clara. A watan Oktoba na je, tsaunukan gefe duk ciyawa ta bushe ta yi ruwan zinare kamar dajinmu bayan kaka, domin su da sanyi ake yi musu ruwan sama. Kafin zuwan kwamfuta gonakin 'ya'yan itatuwa ne suka cika wurin. Sai a 1971 wani ɗan jarida, Don Hoefler, ya yayata sunan Kwarin Silikon, saboda sinadarin da ake ƙera ƙwaƙwalwar na'urori da shi. Wanda ya zo yana zaton ganin dogayen benaye zai sha mamaki. Gine-ginen gajeru ne, tituna shiru, attajiri da yaronsa duk riga mai gajeren hannu da takalmin gudu.

Mutumin da na zo nema, Turawa suna ce masa "enjel", wato mala'ika a harshensu. Daga gidajen wasan kwaikwayo na Broadway a birnin New York kalmar ta fito, can ake kiran attajirin da ya ɗauki nauyin wasa da kuɗinsa da wannan suna. Wani malamin jami'ar New Hampshire, William Wetzel, ya aro ta a 1978 ya laƙaba wa masu tallafa wa jariran kamfanoni. Bakina bai sake da sunan ba. Mala'iku bayin Allah ne da ba ruwansu da riba, wannan kuwa ɗan kasuwa ne mai lissafi. Zan kira shi mai jarin fari, domin shi ne yake fara sa hannu a aljihu. Ya bambanta da manyan kamfanonin jarin kasada da suka jeru a titin Sand Hill na Menlo Park. Waɗancan kuɗin jama'a suke juyawa, na asusun fansho da na jami'o'i, kuma galibi sai abu ya fara tafiya suke shigowa da miliyoyi. Mai jarin fari kuɗin guminsa yake bayarwa, a lokacin da kamfanin bai wuce mutum biyu da kwamfuta ɗaya ba.

A gidan tarihin kwamfuta na Mountain View na fahimci cewa abin nan salsala gare shi, kamar yadda malami yake lissafa wanda ya karantar da shi har zuwa sama. A 1957 wasu masana takwas suka gaji da halin maigidansu William Shockley, wanda ya ci kyautar Nobel shekara guda kafin nan amma zama da shi ya gagara. Suka yanke shawarar barinsa tare, ba su da jari. Wani matashin ma'aikacin hada-hadar kuɗi a New York, Arthur Rock, ya ɗauki maganarsu yana yawo da ita, kamfanoni kimanin 30 suka ƙi, sai wani attajiri Sherman Fairchild ya amsa. Yarjejeniyarsu ta farko a kan takardun dala ɗaiɗai suka sa hannu, kowa ya riƙe tasa. Kamfanin Fairchild Semiconductor ke nan. Bayan shekara biyu aka saye hannayen jarinsu, kowannensu ya tashi da kimanin dala 250,000.

Abin da suka yi da kuɗin shi ne labarin kwarin baki ɗaya. Biyu daga cikinsu, Robert Noyce da Gordon Moore, suka kafa Intel a 1968, Arthur Rock ɗin nan dai shi ya tara musu jari. Wani, Eugene Kleiner, ya kafa kamfanin zuba jari a 1972. A Fairchild da Intel kuma wani mai suna Mike Markkula ya yi aiki, ya samu rabonsa, ya ajiye aiki yana ɗan shekara 30 da 'yan kai. Aka ce masa ya je Los Altos ya ga wasu yara biyu masu suna Steve da suke haɗa kwamfuta a garejin iyayen ɗayansu. Ya je, ya gani, ya ɗauki nauyin dala 250,000, wani kaso hannun jari, saura rance. Bai tsaya nan ba. Ya zauna da su aka rubuta tsarin kasuwanci, aka yi wa Apple rajista a Janairun 1977, ya nemo musu manaja, daga baya shi kansa ya riƙe kamfanin. A gidan tarihin na ga allon Apple na farko, tsirara ba ko akwati. Na ce a raina, mutumin da ya kalli wannan ya ciro dala dubu ɗari biyu da hamsin, lalle ya san abin da yake kallo. Kuma ya san shi ne don sana'arsa ce. Na riƙe wannan da kyau: mai jarin fari na kirki a fannin da ya ƙware yake zuba kuɗi.

Labarin Google ya fi kowanne daɗi a bakin mutanen wurin. A watan Agustan 1998, da sassafe, a barandar gidan wani malamin Stanford mai suna David Cheriton, ɗalibai biyu Larry Page da Sergey Brin suka nuna wa Andy Bechtolsheim manhajar binciken da suka rubuta. Shi Bajamushe ne, yana cikin waɗanda suka kafa Sun Microsystems a 1982. Bai daɗe yana kallo ba ya rubuta cek na dala 100,000 da sunan kamfanin Google. Alhali babu kamfani mai wannan suna a duniya, balle asusun banki. Sai ajiye cek ɗin suka yi har aka yi rajista ranar 4 ga Satumba. Cheriton ma ya ba da kamar haka, Jeff Bezos na Amazon ya sa nasa, suka kama hayar gareji a Menlo Park. Haka Peter Thiel, bayan an sayar da kamfaninsu PayPal ga eBay a 2002 a kan dala biliyan 1.5, ya ba Facebook dala 500,000 a 2004 ya karɓi kashi 10 da ɗoriya cikin 100. Kowane ɗaya ka bi bayansa, za ka tarar wani ne ya taɓa ɗaga shi.

Na ce wa ɗan yayata duk waɗannan injiniyoyi ne, ina ɗan kasuwa zalla irin namu? Ya yi murmushi ya ce, "Kawu, gobe zan kai ka shagon darduma." Muka sauka a tashar Palo Alto muka bi titin University a ƙafa. A wannan titi wasu 'yan Iran, iyalan Amidi, suka yi shagon dardumomin Farisa, kuma su ne masu gini mai lamba 165, wanda Google da PayPal duka suka yi haya a cikinsa suna ƙanana. Masu gidan ba su tsaya ga karɓar kuɗin haya ba, suka sa jari a PayPal. Yaron shagonsu, Pejman Nozad, ya zo Amurka a 1992, ya yi wankin mota kafin ya samu aikin sayar da darduma. Kai darduma gidajen masu kuɗi ya sa ya san su ɗaya bayan ɗaya, ya riƙa sauraron hirarsu, ya riƙa tara su da matasa a shagon ana shan shayi. Ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fara sa kuɗi a Dropbox, yau kuma yana da kamfanin zuba jari nasa. Wannan labarin ya faranta mini rai fiye da na Google. Mutumin nan bai ƙera komai ba. Jarinsa sanin mutane da iya karanta fuska, abin da duk wanda ya yi shekara goma a Kantin Kwari ya ƙware a kai.

Daren da ya fi tsaya mini shi ne na taron wata ƙungiyar masu jarin fari, wanda abokin aikin ɗan yayata ya samo mana izinin zama a baya. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun daɗe a kwarin. Ɗaya daga cikin na farko, Band of Angels, tun 1994 Hans Severiens ya kafa ta, kuma al'adarsu ita ce cin abincin dare sau ɗaya a wata ana sauraron masu neman jari. Namu taron a wani ɗaki aka yi shi, mutum kamar 40, yawancinsu masu furfura, mata da maza. Kamfanoni uku aka ba dama, kowanne minti 10 na bayani, sai tambayoyi.

Ta biyu ce ta ja hankalina, wata yarinya da ba ta kai shekara 30 ba, ta zo da wata 'yar na'ura da ake cusawa a ƙasa ta gaya wa manomi ta waya lokacin da shukarsa take buƙatar ruwa. Ba wanda ya tambaye ta 'yar gidan wane ce. Ba wanda ya nemi takardar fili. Tambayoyin da aka yi mata kuwa masu zafi ne. Manoma nawa suka gwada? Nawa ne suka biya da kuɗinsu? Nawa kike kashewa a kan guda ɗaya, nawa kike sayarwa? In babban kamfani ya kwaikwaye ki gobe, me zai hana manomi ya bar ki? Kuɗin da kike nema wata nawa zai kai ki? Wata tambayar ta ce ba ta sani ba, za ta bincika ta aiko da amsa. Na zaci ta ɓata rawarta da tsalle. Sai na ga dattijon da ke kusa da ni yana gyaɗa kai yana rubutu. Da aka tashi mutum huɗu suka kewaye ta. Ɗaya ya ce zai haɗa ta da wani mai gonar inabi, wata ta ce ta san masana'antar da za ta ƙera mata a farashi mai sauƙi.

Na tsare dattijon nan a wurin shan shayi. Tsohon injiniya ne, ya yi ritaya. Na gaya masa daga inda na fito da abin da ya kawo ni, ya ja kujera muka zauna, ɗan yayata yana cike mini inda Turancin ya yi sauri. Ya ce shi ba ya sa kuɗi mai yawa a wuri ɗaya, yakan ba da dala 25,000 ko abin da ya yi kusa, amma a kamfanoni da yawa, don ya san mafi yawansu ba za su kai labari ba. Ya ce duk kuɗin da ya bayar yakan ɗauka ya tafi ke nan, in ya dawo bayan shekara bakwai ko goma, madalla. Na tambaye shi, in kamfanin ya mutu, yaron zai biya? Ya dube ni kamar bai gane tambayar ba. Ya ce ai ba bashi ya ba shi ba, kaso ya saya a cikin kamfanin. In an ci riba tare, in an faɗi tare. Shi ya rasa kuɗi, yaron ya rasa shekarunsa, an yi kunnen doki. Na ce to me ya burge shi a yarinyar da ta kasa amsa tambaya? Ya ce wadda za ta iya cewa "ban sani ba" a gaban mutum 40 da take neman kuɗinsu, ita ce za ta kira shi ta gaya masa gaskiya ranar da abubuwa suka lalace.

Maganarsa ta yi daidai da abin da masu bincike suka gano. Wani nazari da Robert Wiltbank da Warren Boeker suka fitar a 2007 a kan ƙungiyoyin masu jarin fari ya nuna fiye da rabin jarin da aka zuba bai dawo da uwar kuɗi ba, kuma 'yan ƙalilan ne, kimanin 7 cikin 100, suka kawo mafi yawan ribar. Wato ɗaya ne yake biyan asarar tara. Shi ya sa dokar Amurka ta fi buɗe wannan ƙofa ga wanda zai iya jure asara: mai dukiyar da ta haura dala miliyan 1 ban da gidan da yake ciki, ko mai samun fiye da dala 200,000 a shekara. Ba sana'ar mai kuɗin cefane ba ce, kuma ban ji wanda ya ɓoye hakan ba.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne matsayin wanda ya faɗi. A wurinmu, ɗan kasuwar da ya karye sai ya canza hanyar masallaci. A can an nuna mini wani mutum a taron aka ce kamfaninsa biyu sun mutu, kuma wanda ya yi asara a na biyun shi ya fara ba shi kuɗin na uku, don yanzu ya san ramukan da ke hanya. Amma kada mai karatu ya ɗauka sakaci ne. Sun raba faɗuwa da zamba rabuwa ta sosai. A Palo Alto ɗin nan aka yi kamfanin Theranos, wanda shugabarsa Elizabeth Holmes ta ce tana da na'urar gwajin jini da ɗigo kaɗan. Da ta tabbata yaudara ce, kotu ta same ta da laifin damfarar masu jari a 2022, aka yanke mata ɗaurin fiye da shekara 11. Wanda ya yi iya ƙoƙarinsa abin ya ƙi, a sake ba shi dama. Wanda ya ci amana, kurkuku. Ina ganin a kan waɗannan duwatsun murhu biyu, da na ukunsu wato rubuta komai a takarda, tukunyar take zaune.

Akwai kuma wata tsohuwar dokar Kalifoniya da ta samo asali tun 1872, wadda ta hana maigida ɗaure ma'aikacinsa da sharaɗin ba zai bar shi ya buɗe irin sana'arsa ba. Ita ta ba mutum takwas ɗin nan damar barin Shockley. Yaro ya koyi aiki, ya fita ya kafa nasa, sau da yawa tsohon maigidan ne ma zai fara sa masa jari.

Ba aljanna na je ba. Hayar gida a kwarin ta fi ƙarfin malamin makaranta da direban bas, na ga mutane suna kwana a cikin motoci a gefen titin El Camino Real, a San Francisco kuma na ga marasa matsuguni a kan titi, abin da ya sosa mini rai ƙwarai a gari mai wannan dukiya. Kuma ko a can, wanda ya yi Stanford ya fi wanda bai san kowa ba saurin samun mai sauraronsa. Waɗannan aibobi ne na gaske, sai dai ba su na je koyo ba.

Ranar Juma'a muka yi salla a babban masallacin al'ummar Musulmi na Santa Clara, sahu cike da injiniyoyi 'yan Pakistan da Masar da Somaliya da sauran ƙasashe. Ina zaune bayan salla sai abin ya faɗo mini: ashe wannan da nake ta mamaki yana nan a babin ƙiradi na littattafan fiƙihun da muka karanta a zaure. Ɗaya ya kawo dukiya, ɗaya ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya, in an yi asara ba tare da ganganci ba ta hau kan mai dukiya. Da dukiyar Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi fatauci zuwa Sham. Sayen kaso a kamfani kuwa tarayya ce a riba da asara, ba kuɗin ruwa. Akwai dai wata takardar da wasunsu suke amfani da ita, wadda take farawa a matsayin rance mai ruwa kafin ta rikiɗe ta zama hannun jari. Wannan sai malamai sun duba ta. Amma akwai wata da ake kira SAFE, wadda aka fito da ita a 2013, 'yan shafuka kaɗan, babu ruwa a cikinta, kuma ita ce ta fi yawo yanzu.

Cibiyar da ta fito da takardar, Y Combinator, ita ma daga hannun mai jarin fari ta tsiro. Paul Graham ya fara kamfaninsa na Viaweb da dala 10,000 da wani lauya abokinsu, Julian Weber, ya ba su, ya yi musu rajista, ya koya musu kasuwanci, ya karɓi kashi 10. Yahoo ta saye kamfanin a 1998. A 2005 Graham da Jessica Livingston da abokansu biyu suka ce bari su yi wa yara da yawa abin da aka yi musu. Daga hannunsu Airbnb da Dropbox da Stripe suka fito. Igiyar nan har ƙasarmu ta iso: a 2016 suka karɓi Paystack na Shola Akinlade da Ezra Olubi, kamfanin Nijeriya na farko da ya shiga wurinsu, a 2020 kuma Stripe ta saye shi a kan fiye da dala miliyan 200. Legas ta farga da wuri, tana da ƙungiyar masu jarin fari tun 2012, kuma an sa hannu a dokar jariran kamfanoni ta Nijeriya a Oktoban 2022.

Mu fa ba baƙi ba ne a wannan fage. Alhaji Alhassan Dantata ya ɗaga mutane da yawa da jarin goro da gyaɗa, Aliko Dangote kuma da jarin da ya samu daga dangin mahaifiyarsa na gidan Dantata ya fara a 1977. Har gobe a Kwari da Singer da Dawanau maigida yana sallamar yaronsa da shago da kaya. Inda muka tsaya shi ne, jarinmu ba ya ƙetare dangi da yaran gida, kuma ba ya zuwa sai ga hajar da muka saba gani, atamfa da shinkafa da fili. Yaron da ya zo da abin da ba a taɓa sayarwa ba, addu'a kawai yake samu.

Don haka ina kira ga attajiranmu, da 'ya'yanmu likitoci da injiniyoyi da ke aiki a ƙasashen waje, da manyan ma'aikatan da suka yi ritaya da ɗan abin hannunsu. Mutum goma sun isa. Ku zauna sau ɗaya a wata, ku saurari yara uku daga Bayero ko Ahmadu Bello ko kwalejojin fasaha ko ma garejin unguwa, ku yi musu tambayoyi masu zafi, kowa ya sa abin da in ya salwanta ba zai hana shi barci ba. A samu lauya ya rubuta, a samu malami ya duba. Wanda ya san kiwon kaji ya saurari mai injin ƙwai, wanda ya san sufuri ya saurari mai manhajar sufuri, kuma bayan kuɗin ku ba su lokacinku da mutanenku. Da na dawo Kano na je Farm Centre na nemi ɗalibin nan nawa. Injin yana nan a ɗakin mahaifiyarsa an lulluɓe shi da buhu, kuma ya ce mini har yanzu yana aiki.